Hannuwana Ne a Bidiyon

Yaya Binta,

Gaisuwa mai yawa. Ya Legas, ya maigida da yara? Mu nan Mahuta lafiya lau.

Ban taɓa gaya wa kowa ba: bidiyon da kika turo, hannuwan da ke cirar auduga nawa ne. A gonar Baba aka ɗauka. Mawaƙiyar nan da na haddace waƙoƙinta ta ce auduga za ta karce ta, sai aka ɗauki fuskarta, ni hannuwana. Ko sunana ba ta tambaya ba. Yanzu har ke kina ce mata 'yar manoma ta gaskiya!

Ki yi min addu'a zuciyata ta huce. Ki gaida kowa. Na so yaga wasiƙar nan, amma zan ba Kawu ya kawo miki.

Ƙanwarki,
Zuwaira