Injin Motar Baba

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da yara da maigidan. An ja motar Baba daga gida. Baffa ne ya zo da bakanikensa suka ɗaura mata igiya zuwa gareji. Ya ce zai sa a sabunta ta kyauta don tunawa da yayansa: sabon inji, sababbin kujeru, jan fentin nan da ya koɗe kuma a mayar da shi fari.

Na so in yi murna, amma kin san Baffa. Mutumin da ke kashe mota a gangara don kada ta sha mai, yau shi ne zai sayi inji kyauta? Ki gaya min abin da kika gani.

Ƙaninki,
Auta

Auta,

Na amsa gaisuwa, kowa lafiya. Wa ya ba su mabuɗin? Kai kaɗai ka san inda yake.

Ka karanta wannan a tsanake. Irin motar Baba kaɗan aka ƙera. Ƙofa biyu ce, mai gudu, ba ta ɗaukar iyali, shi ya sa kasuwarta ta mutu da wuri, kamfanin ya daina yin ta. Baba ma a hannun wani injiniya ya saye ta, lokacin kowa na yi masa dariya. Ƙarancin nan shi ne darajarta yanzu. Akwai masu tara tsofaffin motoci da ke neman ta ido rufe, amma sharaɗinsu ɗaya ne: ta kasance yadda ta fito. Fentinta na asali, sitiyarinta na katako, da injin da lambarsa ta dace da ta bodi. Idan aka sa mata sabon inji, ta zama tsohuwar mota kawai. Injin nan mai tsatsa ya fi duk abin da za su liƙa mata.

Saboda haka kada ka tambayi abin da za a saka. Ka tambayi inda abin da aka cire zai tafi.

Ka gaishe min da Mama.

Yayarka

Yaya,

Ina gaisuwa, ko da yake tambayarki ta ɓata min rai. Ba ni na bayar ba, Mama ce. Ashe ta san wurin tun tuni. Matar da ta yi shekaru tana mitar sai an naɗe kujera kafin a cusa mu a baya, yanzu ita ce ke cewa tana son ta sake jin ƙarar motar a ƙofar gida tun tana da rai. Baffa ya yi mata alkawarin haka.

Na je garejin ba tare da sanarwa ba. Ba a taɓa fentin ba tukuna, amma an riga an sauke injin. Bakaniken ya ce min tarkace ne, 'yan gwangwan za su ɗauka. Na zagaya baya kamar mai neman banɗaki. Yaya, na ga tarkacen. An ɗora shi a kan katako, an shafe shi da mai, an lulluɓe shi da sabon tamfol. Wani mutum mai farin takalmi yana tsugune da tocila yana haska gefensa, yana ɗaukar hoto. Da ya gan ni sai ya miƙe ya tambaye ni ko ina gyaran taya.

Da na koma, bakaniken ya ce, “Ƙanena, kai da ba ka san filogi ba, me ya haɗa ka da inji?”

Naki,
Auta

Auta,

Ka yi haƙuri da tambayata, na yi maka rashin adalci.

Na kira Baffa. Ya rantse bai san wani mai farin takalmi ba, ya ce bakaniken ne ya kawo shawarar tun farko, har ya yarda ya yi aikin ba ko sisi idan za a bar masa tsofaffin kayan. Ya faɗi haka da alfahari, kamar wanda ya ci riba. Ko dai an yi wa Baffa wayo, ko kuma shi ne ya iya wasan. Na kasa rarrabewa a waya.

Na ce masa injin nan gado ne, na Mama da mu, ba a kuma raba ba. A mayar da shi cikin motar, a dawo da ita gida. Idan zai tashi da gyara, a gyara shi. Kai kuma kada ka karɓi motar sai ka duba lambar da idonka.

Allah Ya tsare.

Yayarka

Yaya,

Gaisuwa. Motar ta dawo da inji a cikinta. Wurin lambar a kankare yake, bakaniken ya ce garin goge tsatsa ne. Baffa bai biyo su ba.

Mama ta fito ta dafa bodin, ta ce mu bar gardamar ko injin Baba ne ko wani. Ta ce tun daga kwanar layi take gane ƙarar injin ta ɗora wa Baba ruwan shayi. “Ku tayar min da shi kawai.”

Na aika a kawo batir. Har yanzu ba a tayar da shi ba.

Auta