Ƙafar Ta Motsa, San Bai Juyo Ba

Assalamu alaikum, Baba.

Wa ya koya maka? Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko da kana da rai ma, ni ne mai karanta maka. Amma tambayar ta hana ni sakat: wa ya koya maka abin da ni sai bana na gani a littafi?

Inna tana lafiya, sai ciwon gwiwar nan. Gero ya yi kyau a Birnin Tudu. Ba wannan ya sa na ɗauki biro ba.

Ka tuna jan san huɗar Kawu Isa, yayan Inna, wanda ya zame cikin kwazazzabo ya kasa tashi? Aka kira ka, kamar yadda aka saba in dabba ta kwanta. Ka karyo ƙayar aduwa, ka soki tsakanin kofatonsa na baya. Ƙafar ta janye. Ni har na yi murna. Kai kuwa ko kallon ƙafar ba ka yi ba, fuskarsa kake kallo. Sannan ka bi gadon bayansa da ƙayar, daga gindin wutsiya, kaɗan-kaɗan. Sai da ka wuce tsakiya ya juyo yana huci. Ka ce a kawo wuƙa tun yana da rai, don ƙafar tana ji amma shi ba ya ji.

Ni kuma, da 'yan takardun da nake tsinta a kasuwar Mafara, na buɗe baki a gaban mutane na ce wannan jahilci ne, abin da ke motsi ai yana ji. Jahilci, Baba. Da bakin nan nawa. Kawu, da ba ya son rabuwa da sansa, ya ce yaro ya fi ka gaskiya. Aka yi dariya. Ka yar da ƙayar, ka kakkaɓe riga, ka tafi gida.

Kwana tara san yana kwance, ƙudaje na cin gyambon cinyarsa bai sani ba. Ya mutu mushe, ko nama ba a ci ba. Kawu ya shiga gari yana cewa bakinka ne ya kama shi. Na ji, na yi shiru, don in na kare ka na tona kaina. Makiyayan da ke zuwa nemanka tun daga Maradun suka ɗauke ƙafa. Ka rasu ba ka taɓa tayar mini da maganar ba. Me ya sa ba ka mare ni ba?

Bana na sayi wani tsohon littafin likitan dabbobi, bangonsa ya cire. Akwai zanen laka a ciki. Jijiyoyin da ke ɗauko ji daga fata suna shiga laka ta wajen baya, kowane yanki na jiki da ƙofarsa a tsakanin gaɓoɓin ƙashin baya. Da shigarsu saƙon ya rabu. Wani ya tsaya nan kusa ya sa ƙafa ta janye, wani ya hau har ƙwaƙwalwa, sai ya isa ne dabba ke sanin an taɓa ta. In laka ta yanke a tsakiya, na kusa yana aiki, na nesa ba ya isa. Ƙofofin nan kake bi da ƙayarka ɗaya bayan ɗaya, kana neman inda hanya ta katse. Na rufe littafin, ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Ran Juma'a, in an sallame, zan tashi a ƙofar masallaci in faɗi abin da na yi maka. Sannan in juya ga Kawu Isa, a gaban waɗanda suka yi dariya, ya amsa da bakinsa: bakinka ne ya kashe san nan, ko nawa?

Allah ya haskaka kabarinka. Ka yafe mini.

Ɗanka marar kunya,
Murtala