Biron Wanda Ya Sha Kashi

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Autar mamanmu. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da 'yan biyu. Mu nan alhamdulillahi. 'Ya'yana kuwa, Mamana ta fara aiki, Injiniya kuma har yanzu bai gyara fankar falo ba, sunan dai ya ci. Jikina da sauƙi, ina takawa har bakin titi ba sanda. Za ki ga rubutun ya karkace, da hannun da ya shanye nake yi, don ban yarda wani ya rubuta mini wannan maganar ba.

Kin san dokar Babanmu a wasan haɗa kalmomi, wanda ya zo na ƙarshe shi ke riƙe biro ya rubuta maki a zagaye na gaba. Ke kika fi kowa shan wannan aikin muna yara, har kuka kike yi. To tun da aka sallamo ni daga asibiti muke shimfiɗa allon a teburin falo bayan la'asar, ni da Maman yara da Injiniya da Mamana, kuma ban taɓa riƙe biron ba. Kullum ni ne a sama. Ba ki san yadda na rataya raina a kan wannan ba. Duk ranar da sunan wani abu ya ɓace mini, cokali ko makulli, sai in ce wa kaina ai mai cinye gida guda a wasan kalmomi ƙwaƙwalwarsa ba ta tafi ba. Har likita na yi wa wannan alfaharin, ya yi murmushi, na ɗauka yabo ne.

Makon jiya sha'awar biron ta kama ni, ina son in gwada hannuna ba tare da na roƙa ba. Sai na yi niyyar faɗuwa. Na riƙe ƙwayoyin haruffa masu tsada a gabana na ƙi ajiyewa, ina ta jera 'yan gajerun kalmomi, na buɗe wa Injiniya jan gidan nan mai ninka maki sau uku. Yaron da ba ya barin nama a faranti ya kau da kai kamar bai gani ba. Mamana na rubutu tana kare takardar da hannu. Da aka gama ta ce Baba ne ya sake cinyewa, suka tafa. Auta, na rantse miki sanyin da ya ratsa ni a lokacin ko ranar da na faɗi ban ji irinsa ba.

Na tsare Maman yara a kicin. Ta yi ta goge tukunyar da ta riga ta bushe, daga baya ta ce ƙara mini ake yi tun ranar farko, kuma ke kika kawo shawarar ta waya, wai kada in karaya. Ke da na goya. Na san tausayi ne, amma kun mayar da ni yaron da ake yi wa wasa, kun bar ni ina baza baki a gaban mutane. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba. Abin da ya fi ci mini rai, yanzu ban san ko na taɓa ci da gaske ko sau ɗaya ba.

Jiya na karɓi biron da kaina. Na zo na ƙarshe da tazara mai yawa, kuma na rubuta hakan da hannuna.

Ki gaida maigidanki, ki shafa mini kan 'yan biyu. Maman yara tana gaishe ki, ko da yake kunya ta hana ta shigowa. Saura abu ɗaya. Ranar da za a sallame ni, likita ya sa an tura ni waje a keke, ya yi magana da su Maman yara kina kan waya, kuka ce mini ya ce zan warke sarai. Yanzu ki rubuto mini abin da ya faɗa, ba ƙari.

Naki, Yaya Babba.