Labulen da Ya Kwana Uku a Rufe

Ƙanwata Ladidi,

Ina gaisuwa. Ya yara, ya ƙafar Inna? Mu nan Zwolle lafiya, sai sanyi.

Turawan garin nan ba sa rufe labulen falo. Nawa ya kwana uku a rufe, sai ga maƙwabciyata Marijke da wata 'yar ƙungiyar matan unguwa. Da suka ga idona a kumbure, na ce ƙofa ce ta buge ni. Marijke ta ce, "Tasalla, ni ma irin ƙofar nan na aura, shekara tara."

Da furfurata, labule ya tona ni. Yanzu duk Talata ina zuwa zamansu, maigidana Malam ya ɗauka ɗinki nake koyo. Jakata tana gidan Marijke, ko da ta ɓaci.

Kada Inna ta ji. Ki sa ni a addu'a.

Yayarki,
Tasalla