Ƙorafi Kan Na'urar da Aka Bari a Ƙirjin Humaira

Abdullatif Hussaini,
Kaikai, Ƙaramar Hukumar Kusada.
14 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Asibitin Sauƙi na Masu Ciwon Daji.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: NA'URAR DA AKA DASA WA ƊIYATA HUMAIRA

Bayan gaisuwa cikin ladabi, ina miƙa kukana kamar haka:

1. A watan Maris 2022 likitocinku suka dasa wa Humaira wata 'yar na'ura mai kama da murfin kwalba a ƙarƙashin fatar ƙirji, don zuba maganin daji ba tare da laluben jijiya ba. Alhamdulillahi, ciwon ya tafi. Na'urar ce ta ga wurin zama.

2. Ranar sallama an ce a riƙa zuba mata ruwan magani lokaci-lokaci kada ta toshe, da wata allura ta musamman. Na nemi allurar a Kusada, na nema a Kankia, babu. A wani wuri ma'aikata sun taru sun kalli ƙirjin yarinyar, sun yaba da ci gaban zamani, sun ba mu farasitamol.

3. Tun damina hannunta na dama ya kumbura, wurin na'urar ya yi ja yana ruwa, ga zazzaɓi da rawar sanyi. Ta daina zuwa Islamiyya. Ko buta ba ta iya ɗagawa.

4. Ranar 9 ga Satumba na zo asibitinku, aka ce likitan da ya dasa ta ya koma ƙasar waje. Ina taya shi murna. Sashen daji sun ce ta warke, ba tasu ba ce. Sashen tiyata sun ce ba su suka saka ba.

5. Mahaifiyata ta yanke cewa ƙari ne, har ta yi magana da Sagir wanzami ya tsaga ya fitar. Ni kuwa ku da kanku kuka gaya mini bututun abin ya kai dab da zuciya. Da ƙyar ta yarda a jira a gama yankan dawa. Ranka ya daɗe, uwata ce, kuma a gona nake wuni.

Don haka ina roƙo da girman Allah a sa mana ranar cire na'urar nan kafin dawa ta shiga rumbu. Zuwa yau, cikin duk masu iya riƙe aska, Sagir wanzami kaɗai ya ba mu rana, kuma ba a san shi da saɓa alkawari ba.

Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Abdullatif Hussaini