Ku Sauka Duk Inda Jirgin Ya Tsaya

Ƙanena Habila,

Gaisuwa mai yawa. Yaya kake, yaya Mama, yaya sanyi? Da fatan jirgin ruwan bai wahalar da ita ba. Mun ga hotunanku na gaɓar tekun Norway, Mama cikin ƙatuwar rigar sanyi tana dariya, ita da ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi dam ɗin Gubi ba.

Habila, Baba ya faɗi ranar Lahadi a gonarsa ta Inkil, ɓarin jikinsa ya shanye. Na yi ta kiranka, wayar ba ta shiga. Jiya ya samu ya buɗe baki, ya ce, "Rifkatu, ina uwarku?" Na ce tana hanya. Likita ya ce mai son ganinsa ya hanzarta.

Don Allah, duk garin da jirgin ya tsaya, ku sauka ku nemi jirgin sama. Kada ka faɗa mata a tsakiyar ruwa, ka san hawan jininta.

Ka gaida matarka, ku sa mu a addu'a. Baba ya ƙi ɗauke idonsa daga ƙofa.

Yayarka,
Rifkatu