Belun Hassu

Daren Laraba, Bungudu, damina ta uku da aka ba mu jiha.

Yau muka dawo da Hassu daga asibitin Gusau. Jikata da ke tsere da awaki, yanzu taku goma sai ta tsaya tana haki, ƙafafu a kumbure.

Likita ya tambaya ko ta yi ciwon maƙogwaro bara. Rabi, uwarta, ta dube ni. Ni na hana a kai ta asibiti lokacin. Na ce belu ne, na kira wanzami ya yanke, yadda aka yanke nawa da na ubana. Da ta warke har dariya na yi wa Rabi.

Ya ce, "Baba, ba belu ba ne, ƙwayar cuta ce. Jikinta ya tashi ya kashe cutar, amma bai tsaya nan ba, ya juya kan zuciyarta."

Na ce, "Yaro, jiki ya ci kansa?"

Ya ce, "Ba ku taɓa sa wa ciyawa wuta ta kama rumbu ba?"

Na taɓa.

Duk yaran da ƙyanda da sanƙarau suka ɗauke a garin nan na riƙe sunayensu, amma babu ko ɗaya da hannuna a ciki. Allura ce duk wata, in ji likita, kuma ba ta gyara abin da ya lalace, sai dai ta tsare saura.

Gobe bayan asuba ni zan goya Hassu zuwa tasha, mu je a fara allurar. Kafin nan zan tsaya ƙofar Rabi in ce ta yafe mini, ko ba ta amsa ba.